Sojojin da Ba Sa Cin Tuwo

Tsufa ya fara yi mini sata. Shekaranjiya na birkice ɗaki ina neman carbina, ashe yana rataye a wuyana, jikokina suna kallona suna ƙunshe dariya. Amma akwai mako guda a rayuwata da tsufa bai isa ya taɓa ba, kuma na san da shi zan koma ga Ubangijina ban manta ba. Shi ne makon da ƙauyenmu kaf, yaro da babba, muka ɗaure kaya za mu gudu mu bar gonakinmu saboda hayaƙi.

Lokacin an gama yaƙin basasa da 'yan shekaru, kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, naira tana sabuwa fil. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gefen Magama, tafiya kaɗan za ka yi ka taka ƙasar Nijar. Ni kuwa sana'ata sayar da abinci a bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke yin layi suna jiran kwastan su duba musu takardu. Tuwo da miyar kuka da safe, shinkafa da wake da rana. Tun ina 'yar shekara goma nake gaban murhu tare da mahaifiyata, shi ya sa ko yau ka nuna mini taron biki daga nesa zan gaya maka tiya nawa ta gero za ta ishe su. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma a kan wuta da tukunya ban yarda akwai mai koya mini ba.

Kuɗin man nan abu biyu ya yi mana. Ya cika mini rumfa da direbobi masu ci su nemi ƙari, ya kuma kwashe mana samari. Duk namijin da zai iya ɗaga buhun siminti ya tafi Kaduna ko Legas leburanci, sai dai a aiko gida da rediyo da atamfa. Aka bar ƙauye da tsofaffi da mata da yara, sai mijina. Mijina tsohon soja ne, kowa Kofur yake kiransa. Kafin ya tafi yaƙi, in yana hira a dandali ana jin dariyarsa daga bakin rijiya. Ya dawo babu tabo ko ɗaya a jikinsa, amma ya dawo da shiru. Ba ya son rediyo ko kaɗan, in an kunna a kusa da shi sai ya tashi ya bar wurin. Ni da bakina ba ya hutawa, a kan wannan kaɗai na iya kama shi, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Mutanen gari kuwa sun ɗauke shi garkuwa, duk abin da ya shafi bindiga ko kaki, abin da Kofur ya faɗa shi ke nan.

Shekara biyu ruwan sama yana yi mana rowa, mun sha wuyar da ba na son tunawa. A shekarar da nake ba ku labari, da bazara ta yi nisa, muka kwashe ɗan irin geron da ya rage a gindin rumbu muka yi binne, wato muka shuka shi a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Wanda ya yi binne ba ya nisa da gonarsa. Ruwa na sauka ciyawa za ta taso tare da shuka, in ba ka nan ka yi noman farko, to ciyawa da awakin mutane ka yi wa aiki. Ba mu da wani iri bayan wannan, kuma ƙasar bakin iyaka in ka tashi ka bar ta, komawa sai Allah.

Muna da rijiya guda a bakin busasshen gulbi, kakanninmu suka gina ta, ba ta taɓa ƙafewa ba. Akwai wani ƙauye a tsallake, cikin Nijar, bayan wani tudun rairayi. Nasu rijiyoyin sun ƙafe, suka koma ɗiba a tamu, kuma da ma tun fil'azal ba a hana su, don da wuya ka sami gida a cikinmu da ba shi da dangi a can. Sai ran nan wani sa nasu da ƙishi ya haukata ya faɗa kan kwamin shayar da dabbobi ya fasa shi. Wani tsoho namu mai zafin kai ya ɗaga sanda, wani tsoho nasu ya tare, aka yi kokawar da ko yara sun fi su iyawa, rawani ya faɗi a taɓo. Da yamma dattawanmu suka sari ƙaya suka rufe bakin rijiya. Bai ishe su ba, suka aika wa mutanen tsallake cewa duk wanda ya taɓa ƙayar nan, Kofur zai kirawo abokansa soja daga bariki su zo da mota su baje ƙauyensu. Ba wanda ya tambayi Kofur kafin a yi wannan aike. Shi da bariki kuwa rabonsu tun ranar da aka sallame shi.

Kwana uku a tsakani, na fito da sassafe ina ɗaura ɗankwali, sai na ji wani sauti daga bayan tudun nan, begila irin ta soja. Na ɗaga kai, sai ga hayaƙi yana tashi layi-layi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Masu zuwa duba ƙaya suka dawo a guje suka ce bakin rijiya duk sawun takalmin soja ne, ya je ya dawo, ya zagaya, ya ratsa. Da na isa rumfata, matar da ke kawo mini itace kullum daga ƙauyen tsallake ta sauke kayanta, ta roƙi ruwa ta shanye moɗa uku ba ta numfasa ba, ta cika ɗan goranta, sannan ta raɗa mini cewa soja sun sauka a garinsu, in gaya wa mutanenmu su yi hankali.

A nan zan faɗi laifina, don ban ga amfanin tsohuwa ta yi ƙarya ba. Ni na dafa wannan labari na raba shi. Kafin azahar na gaya wa duk wanda ya zauna a bencina. Wani direba ya ce ai shi ma ya ga kamiyo, wato babbar motar kaya, a rufe da tampol a hanyar Maraɗi. Wani ya ce biyu ne. Kafin in wanke tukwane sun zama shida, har da igwa. Aka tambayi ma'aikatan iyaka, na nan da jandarmomin can, suka ce su ba su da labarin komai. Wannan ya ƙara tsinka mana zuciya, muka ce ai da ma ba za su faɗa ba. Na ɗauko labarin da ya fi wanda aka kawo mini girma sau goma, na kai gida da kaina.

Washegari Mai'unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa, mu mata muna leƙe ta bayan danga. Ya ce ya aika Jibiya, an ce za a bincika bayan cin kasuwa. Sannan kowa ya juya ya kalli mijina. Ya tashi tsaye ya fuskanci tudun, na ga leɓensa yana motsi yana ƙirga. Ya ce wuta goma sha biyu ce, kuma a soja kowace wuta ta mutum goma ce, su lissafa da kansu. Ya ce bindigogin toka uku ne a ƙauyen, ɗaya ma ba ta tashi. Shawararsa ita ce ranar kasuwar Jibiya, da motoci za su samu, a kwashe kowa a koma cikin gari wurin dangi. Wani dattijo ya tambaya, binnen fa? Mijina ya ce wanda ya mutu ba ya noman farko. Sauran mutane muryarsa suka ji. Ni kuwa shi nake kallo, yana gama magana ya koma ya zauna bai haɗa ido da kowa ba.

Kwana uku suka rage ga kasuwa. Na ɗaure kwanonin jerena a zane ina kuka, surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune a kan turmi ta ce ita ba inda za ta, a nan aka binne cibiyarta. Da yamma na hura wuta zan ɗora tuwo, sai begilar ta sake kaɗawa, hayaƙin ya sake tashi. Na tsaya da muciya a hannu ina kallon nasu, ina kallon nawa. Wutar girki tana hayaƙi ne a farko, in itace ya kama sai ta washe, hayaƙin ya sirance har ka daina ganinsa. Sai an zo talge an ƙara itace ya ɗan sake tashi. Nawa ya washe tuni. Nasu kuwa fari ne mai kauri tun daga farko har ƙarshe, duk sha biyun suka tashi tare suka mutu tare, tun ruwan tukunyata bai tafasa ba. Iska daga wajensu take busowa, na buɗe hanci sosai. Babu daddawa, babu albasa, babu ƙaurin mai. Warin kashin jaki kawai na ji.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa faɗo mini ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗari da ashirin, ni na san ruwan da tuwonsu kaɗai zai ci, ban da sha, ban da alwala. Rijiyoyinsu sun ƙafe, tamu tana rufe da ƙaya, ba wanda ya taɓa ta. To me sojan nan suke sha? Kuma in da gaske akwai murhu sha biyu a bayan gidan mai itace, me zai sa ta ɗauko kaya a ka ta yi doguwar tafiya zuwa rumfata? Na tuna yadda ta shanye moɗa uku, da ɗan goran da ta cika ta ɓoye a zane.

Na sami mijina yana ɗaure garma da igiya, na zayyana masa duka. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ke, mi kinka sani ga yaƙi?"

Na ce, "Ban san yaƙi ba, Malam, amma na san tuwo. Mutanen ga ba su girki."

Ya ce in kama bakina, kada in ja a kashe mutane da surutun rumfa. Maganar ta yi mini zafi, musamman da na san da gaskiyarsa a kan surutun. Na juya zan shiga ɗaki, sai Inna ta kira ni da hannu. Ta ji komai. Ta ce ita ma tun jiya hancinta yake gaya mata haka, ta ɗauka tsufa ne. Ta ce gobe da hantsi in ɗauko igiya da gatari mu tafi itace, ba sojan da ya taɓa tambayar tsohuwa da surukarta takardar ƙetare iyaka.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da wadda ba ta wurin ba. Inna tana gaba tana dogara sanda, tana tsintar ƙirare kamar da gaske. Muka tsallake gulbi, muka bi ta bakin rijiya. Na duba sawun takalman, ni dai ban iya karatun sawu ba, amma na ga duk girmansu ɗaya, kuma kowane na hagu yana jan ƙasa. Muka hau tudun a hankali, muka leƙa.

Ba kowa. Ba tanti, ba mota, ba ko tsumman kaki. Murhu goma sha biyu ne a jere, an ja su layi ɗaya kamar da igiya, kuma kallo ɗaya na yi musu na san namiji ne ya jera duwatsun. An ware su da faɗi, ko tukunyar gidan biki ka ɗora za ta zurma ciki. Kan duwatsun fari tas, ba inda gindin tukunya ya taɓa zama. Na sa hannu a tokar, kashin jaki ne da ɗanyen ganyen tumfafiya. Ba ƙanzo, ba ƙashi, ba inda aka zubar da ruwan wanke-wanke. Wurin da mutum ɗari suka ci abinci kwana uku, ai ƙuda da tururuwa da karnukan gari kaf za su tare a can. Nan ko kiyashi ɗaya ban gani ba. Inna ta riƙe haɓa ta ce wannan rundunar azumi take yi.

Muna cikin haka sai muka ji motsi. Mai itace ce ta ɓullo daga bayan wata geza, da kwano cike da kashin jaki a kanta, ta kawo na wutar yamma. Muka yi ido huɗu. Kwanon ya suɓuce ya faɗi, ita ma ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Inna.

Ta ce, "Inna, don Allah don Annabi kada ku hwaɗa ma sojanku. Wallahi ba mu da kowa. Mazanmu dut sun tahi Najeriya bidar kuɗi, tsohhi ɗai anka bari."

Na ce mata wane soja? Ta ce waɗanda Kofur zai kawo da mota. Ta ce tun ranar da aka aika musu ba wanda ya runtsa da kwanciyar rai, sun ɗaure kaya su ma, suna jiran ranar kasuwa su nufi Maraɗi. Yaransu kwana shida suna shan ruwan wani rami da suka tona a gulbi, rabi taɓo, biyu sun kwanta da zawo. Akwai wani tsoho a garinsu da ya yi sojan Faransa tun tana yarinya, shi ya ce in ba su da ƙarfi to su ari kamanninsa, ko Allah zai sa mu ji tsoro mu fasa kiran soja. Shi ke busa begila, shi ke sa tsofaffin takalmansa ya yi ta zagaya rijiya da asuba har ƙafarsa mai ciwo ta gaza, shi ya aike ta rumfata, don ya ce a duk iyakar nan ba bakin da ya kai nawa saurin kai saƙo. Wannan yabo har yau ban san inda zan ajiye shi ba.

Na tsaya a kan tudun nan ina hango ƙauyensu ta nan, namu ta can. Gari biyu, kowanne ya ɗaure kaya zai gudu daga ɗan'uwansa a rana ɗaya, a bar rijiya cike da ruwa a tsakiya ba mai sha. Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta.

Da muka koma, la'asar ta yi. Mijina yana zaune a gindin rumbu. Na ɗaure tokar a bakin zanena, na kwance na zuba masa a gaba, ganyen tumfafiya da bai gama ƙonewa ba yana ciki. Na faɗa masa abin da muka gani da abin da mai itace ta ce, Inna tana gyaɗa kai. Na shirya zai yi faɗa don mun fita ba izini. Bai yi ba. Ya ɗauki tokar yana murzawa a yatsunsa, ya daɗe, sannan ya fara maganar da shekara da shekaru bai yi ba.

Ya ce a yaƙi an taɓa ajiye su a bakin wani rafi su tsare gada. Da magariba sai wuta ta kama a tsallake, jere har iyakar ganinsu. Sai wata murya ta fito daga lasifika, Hausa tsantsa, wadda ba za ka ce ba ɗan Kano ba ne. Tana cewa 'yan Arewa su koma gida, an kewaye su, me suka zo nema a ƙasar da ba gero. Tana kiran garuruwa ɗaya-ɗaya, Daura, Katsina, Funtuwa. Ya ce sai ya ji an ce, akwai ɗan Jibiya a cikinku? Uwarka tana bakin ƙofa tana kuka. Hafsansu ya aike shi ya hau bishiya ya ƙirga wutar, ya ƙirga ya sauko ya ce mutanen sun ninka su sau biyar. Aka ba da umarnin ja da baya, ja da bayan ya zama gudu. Wajen tsallake wani ruwa, abokinsa ɗan Gangara, wanda suka shiga soja rana ɗaya, ya zame da kaya a bayansa, ba a sake ganinsa ba. Ba wanda ya harba harsashi ko ɗaya ran nan. Bayan mako biyu da suka koma suka karɓi wurin, suka tarar mutanen da ke tsallake ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai tarin toka da lasifika a rataye a reshe.

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ni na ƙirga wutar ran nan. Ga shi na sake ƙirgawa."

Inna ce ta matsa ta dafa kansa kamar yaro, ta ce masa wancan ya wuce, Allah ya ji ƙan wanda ya tafi, amma wannan bai wuce ba tukuna, saura kwana biyu. Ya share fuska da hannun riga, ya tashi ya nufi gidan Mai'unguwa. Ban san me ya gaya musu ba, na dai san ya faɗa a gaban dattawa cewa ya yi kuskure, matarsa ce ta gano. A zamanin nan, namiji ya furta haka a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban taɓa ƙaunarsa kamar ranar ba.

Da gari ya waye begila ta kaɗa kamar kullum. Mijina ya fito da 'yar shara da wandon noma, ya rataya guga da igiya, ya nufi rijiya shi kaɗai. Mu duka muka bi shi daga nesa. Ya sa hannu ya janye ƙayar nan reshe-reshe har hannunsa ya yi jini, ya zura guga ya jawo ruwa, ya cika abin da ya rage na kwamin, sannan ya zauna a bakin rijiya yana fuskantar tudu. Muka yi ta jira har rana ta ɗaga. Can sai ga wani tsoho yana gangarowa, siriri, farin gemu, yana jan ƙafar hagu cikin wasu takalma da suka yi masa yawa, begila tana lilo a ƙirjinsa. Ya tsaya taku kaɗan daga mijina, ya ƙame ya sara masa. Mijina ya miƙe ya rama.

Tsohon ya ce, "Kofur, ku nawa ne?"

Mijina ya ce, "Ni da gugan ga, Baba. Ku hwa?"

Ya ce, "Ni da begila."

Ban san wanda ya fara dariya ba. Na dai ga mijina ya riƙe ciki ya durƙusa, dariyar nan tasa ta da, wadda na ɗauka an binne ta a kudu. Tsohon ma har da hawaye. Mata da yara suka fara ɓullowa daga bayan tudu da tuluna, da farko a ɗarare, daga baya a guje. Tsofaffin nan biyu da suka yi kokawa suka gaisa suna kallon ƙasa, kowa yana cewa shaiɗan ne.

Tsohon sojan ya ce shi ma yi masa aka yi kafin ya koya, a wata ƙasa bayan teku inda ake shuka shinkafa cikin ruwa, kuma su ma gudu suka yi. Ya tambaya wa ya tona masa asiri, don ya san aikinsa ba na banza ba ne. Mijina ya nuna ni, ya ce wannan ce ta ce sojanka ba su cin tuwo. Ni kuma da na ga fili, sai baki ya motsa, na ce Baba ai ko tukunya ɗaya da ka ɗora da yanzu muna Jibiya. Ya dube ni, murmushinsa ya ragu.

Ya ce, "Ɗiyata, na ce ma matan su ɗora. Sunka ce ba abin da za su sa ciki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina ta alfahari da hancina, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa gari guda ba ya ƙamshin girki ba, ba murhun ƙarya kaɗai ba, har na cikin gidaje. Na aika aka ɗauko babbar tukunyata ta rumfa da buhun shinkafar da na tanada don direbobin ranar kasuwa. Na hau tudun nan, na zaɓi murhu ɗaya cikin sha biyun, na gyara masa duwatsu yadda mace ke yi. Mai itace ta kawo itace na gaske. Ran nan hayaƙi ɗaya ne ya tashi a bayan tudu, ya yi kauri a farko, ya washe, ƙamshin daddawa ya gangara har bakin gulbi.

Ranar kasuwa ba wanda ya hau mota. Mazan garuruwan biyu, in ka ga dama ka kira tsofaffin nan maza, suka sassaƙa sabon kwami tare. Aka raba ɗiban ruwa, su da safe mu da yamma, kuma begilar da ta kusa korarmu ita aka mayar mai sanar da canjin lokaci. Kwana tara bayan haka hadari ya haɗu daga gabas, ruwa ya sauka, binnenmu ya tsiro, muna nan muka yi noman farko a kan kari. Ba zan ce mun yi arziki a shekarar ba, amma rumbu ya rufe gindinsa, har muka ba tsallake iri. Mijina bai koma mai surutun da ba gaba ɗaya, sai dai wata rana na dawo daga rumfa na tarar da shi zaune da tsohon sojan a zaure, rediyo a tsakaninsu, suna gardama a kan labaran duniya.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Abin da makon nan ya koya mini shi ne, ana iya cin mutum da yaƙi ba a taɓa jikinsa ba, a cikin zuciyarsa ake kunna wutar, shi da kansa zai ƙarasa sauran, kuma bakin mutane irina shi ne makamashin. Tun daga ranar, duk labarin tsoron da aka kawo mini, ko a kasuwa ko a wayoyin nan na jikokina, ba na miƙa shi gaba sai na tambaya: mutanen nan da ake faɗa, me suke ci, ina suke shan ruwa, wa ya gan su da idonsa? In kuma na gano hayaƙi ne kawai, ba na tsayawa dariya. Nakan leƙa in ga ko wanda ya hura shi ya ɗora tukunya a gidansa.